Sunan da Iya Kande Ba Ta Kira

Gwaggo Ladi,

Ina gaishe ki da doguwar gaisuwar nan da kike yi mini tsiya a kanta, wadda sai an tambayi gida da gajiya da sanyi da yara kafin a zo ga abin da ya kawo mutum. Na san babu mai kai miki wannan takarda. Ko da kina da rai ma ba karanta ta za ki yi ba, tunda a kunne kika san Hausa, sai dai in zauna in karanta miki. Duk da haka ga ni ina rubutawa, don abin da ke cina ba ni da wanda zan gaya wa sai ke, kuma ke aka yi wa laifin.

Mu dai muna nan lafiya a Withington. Ruwan Manchester bai fasa halinsa ba. 'Yata Amira ta shiga jami'a, kullum tana cikin bas ɗin Oxford Road tana ƙorafin cunkoso. Ɗana Sadik kuwa har yanzu in na yi masa Hausa da Turancin garin nan yake amsa mini, wanda kika ce kamar mutum na magana da dankali mai zafi a baki. Aikin kyamis yana nan yadda kika san shi, tsofaffi da takardun likitoci da mitar layi. 'Yarki Maryama, da ba na iya faɗin sunanta na Faransanci daidai, ta kwashe kayan gidanki na Balsall Heath a Birmingham. Littattafan ne suka fi ƙarfinta, sai da ta nemi maƙwabcinki mai shagon nama ya kawo motarsa. Ya ce shi bai taɓa ganin gidan da har a bayan gida akwai kanta ba.

Maganar littafinki na ƙarshe ce ta kawo ni. Maryama da abokin aikinki na can Faransa sun gama shirya shi, an duba, an zaɓi bango, saura kawai a kai wa masu injin ɗab'i. Amma kin bar musu sharaɗi tun kina kwance, cewa kada a buga sai ni Saude na ce to. Su a ganinsu maganar ta ƙare, tunda kin sha gaya musu na ji littafin daga farko har ƙarshe kuma na yaba. Maryama ta kira ni ne don cika ƙa'ida kawai. Ba ta san akwai abin da na gani a cikinsa na yi shiru ba, kuma ke ma ba ki sani ba.

Kin tuna haɗuwarmu? Ina cikin bas a Oxford Road ina yi wa Sadik faɗa a waya, sai wata tsohuwar Baturiya mai farin gashi a gefena ta ce mini sannu da fama da 'ya'yan zamani. Saura kaɗan wayar ta faɗi. Jami'a ce ta gayyato ki daga Birmingham ki yi magana a kan aikin ɗab'i, ni kuwa ban ma san ke wata ce ba. Hausarki ta Damagaram ce, kuma ta tsaya inda kika bar ta kina yarinya, shi ya sa kina da jikoki amma kina magana kamar wadda za a aika sayo ƙuli. Kin ce in kira ki Ladi, sunan da aka sa miki a can don ranar Lahadi aka haife ki. Na ce bakina ba zai iya kiran sa'ar uwata da suna gatsal ba, muka shirya a kan Gwaggo.

A hankali na tattara labarinki, don ba kya ba da shi a jere. Mahaifinki likita ne da aiki ya kai shi Damagaram kina jaririya. Mahaifiyarki ba ta taɓa son garin ba, tana ɗaki a rufe da ciwon kai, sai Iya Kande da aka ɗauka raino ita ce ta goya ki, ta yi miki wanka, ta koya miki cin tuwo da hannu. Da aka mayar da ke Faransa makarantar kwana, kin ce shekara guda kina mafarki da Hausa. Kin girma kin samu aiki a wani babban kamfanin littattafai a Paris, kina tsince kurakuran marubuta kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa, kina rubuta naki a gefe. Na farkon ba wanda ya kula su. Wanda kika yi a kan matan da ke aikin gwangwanin kifi a garin kakarki shi ya fitar da ke, aka ba ki lambar yabo, 'yan jarida suka san ƙofar gidanki. Ana cikin haka mai kamfanin ya sa a yanke rabin littafin wani saurayi ɗan ci-rani don ya yi daɗin sayarwa, kika ajiye masa makullin ofis kika tafi Marseille, kika buɗe naki ɗan kamfanin a saman gidan burodi. Kin buga na ma'aikacin tashar jirgin ruwa, da na wata ma'aikaciyar jinya 'yar Senegal, da na mutane da yawa da manyan kamfanoni suka kora. Naki rubutun kuwa ya tsaya cak. Da na tambaye ki dalili kin yi dariya kin ce ungozoma ba ta cika samun lokacin haihuwa ba.

Abin da kika fi alfahari da shi ba lambar yabon ba ce, yadda kike aiki ne. Ba littafin da ke fita daga hannunki sai an karanta shi da baki a gaban mutumin da ba ruwansa da harkar littafi, kina zaune kina kallon fuskarsa. Mai burodin nan ya sha zama, da matar da ke share muku ofis, da wani direban tasi. Inda mai sauraro ya yi hamma a duba, inda ya ɗaure fuska a tambaye shi, kuma ba a bugawa sai ya ce ya yarda. Kin ce a bakin Iya Kande kika samo dabarar, ita da kullum take cewa labarin zuciya a tambayi fuska. Sai dai ba ki yi lissafi da fuskar Bahaushiya ba, Gwaggo, wadda tun tana ƙarama aka koya mata ta ji abu ya soke ta a gaban babba ta ce madalla.

Da tsufa da ciwo suka kawo ki kusa da Maryama a Birmingham, kika koma kan alƙalami bayan dogon shiru, kika ce labarin Iya Kande za ki rubuta kafin ki tafi, da sunanta na gaskiya don a san ta. Ni kika zaɓa in saurara. Duk Asabar ɗin da ba ni da aiki sai in hau jirgin ƙasa in zo, ki dafa shayi, ki karanta shafi da Faransanci, sannan ki juya mini shi da Hausarki kina taimakawa da hannu. Farkon littafin ya sa ni kuka. Kin kawo kasuwar garin da rijiyar bayan gidanku da ƙanshin goyon Iya har sai da na ji kamar a zauren kakata nake.

Sai muka zo kan Ilu, ɗanta na fari. Kin rubuta cewa tana yaye shi ta miƙa wa kakarsa don ta samu damar rainon 'yar likita. Kin rubuta cewa in ya zo gidanku ba ta kallonsa, ba ta taɓa shi, ba ta ko kiran sunansa, sai dai ta ce kai, ko ta ce yaron nan, alhali ke tana kiran Ladi sau nawa a wuni, tana ɗora ki a cinya a gabansa. Daga nan kika gina sauran littafin gaba ɗaya: wata uwa da talauci da aikin Turawa suka kashe mata son ɗanta, da wata 'yar Bature da ta sace wa yaro uwa ba ta sani ba. Kin ce wannan nauyin kika ɗauka duk rayuwarki, kuma wataƙila shi ya sa kika ƙare kina buɗe wa 'ya'yan wasu ƙofa.

Gwaggo, ba haka ba ne. Kunyar ɗan fari ce. A wurinmu, musamman a zamanin su Iya, mace ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta wasa da shi a gaban mutane, kuma sau da yawa ana yaye shi kaka ke ɗaukarsa, ko uwar na aiki ko ba ta yi. Ba ƙi ba ne, kawaici ne, kuma duk wanda ke wurin ya san wanda aka fi kawar wa kai shi ne a ƙoƙon rai. Ke kin bar ƙasar kina yarinya, kin ga abin da ido, ba wanda ya fassara miki. Ni kuwa na sani tun jimlar farko, domin ni ma 'yar fari ce. Har yau in na kira gida mahaifiyata ba ta ce Saude, sai dai ta ce ke ce. Ranar da zan taho Ingila ko rakiya ba ta yi mini ba, ta shige ɗaki ta ce tana da aiki. Ƙanwata ce ta gaya mini daga baya cewa sai da aka yi ta lallashinta kafin ta koma cin abinci sosai.

Kin ɗago kin dube ni a ranar da kika karanta mini babin Ilu, kamar yadda kika saba, kin tambaye ni yaya. Na ce madalla. Me ya hana ni buɗe baki? Na sha tambayar kaina. Akwai kara, don ban taso ina gyara wa babba zance ba, balle wadda duniya ta san ta da alƙalami, ni da ko Faransancin ban iya ba. Akwai kuma fuskarki in kin zo inda Iya ke kiran sunanki. Kina kuka da laifin da kike gani kin yi wa Ilu, amma a ƙarƙashin kukan akwai wani daɗi, na cewa an taɓa zaɓen ki a kan kowa, ke da uwarki ba ta zaɓe ki ba. Na ji tsoron in karɓe miki wannan. Sai na ukun, wanda ya fi ba ni kunya. Ina jin daɗin zaman nan. Ina son a ce ni ce wadda babbar marubuciya ta yarda da ita, ina son shayin da hirar, kuma na ji tsoron in na rushe miki gini zaman ya canja. Kullum a jirgi ina dawowa sai in ce Asabar mai zuwa zan faɗa. Asabar ta yi ta zuwa, littafin ya yi ta tsawo a kan karkataccen tushe, faɗar tana ƙara wuya.

Har dama ta ƙarshe kin ba ni. A gidan jinyar nan da aka kai ki da likitoci suka ce sai haƙuri, wata ranar da aka samu 'yar rana aka tura ki bakin taga, kika riƙe hannuna kika tambaye ni ko ina ganin Ilu zai yafe miki. Kin daɗe da samun lambarsa ta hannun wani ɗalibi ɗan Nijar, kin san yana raye, tsohon malamin makaranta ne da ya yi ritaya, amma kin kasa kira. Kin ce sai littafin ya fita, shi ne neman gafararki. Ga ƙofa a buɗe, abin da ya rage kawai in ce miki babu abin yafewa. Sai na ce Allah Yana son mai yafiya, na gyara miki bargo. Kin rasu kina ɗaukar kanki ɓarauniya, ni kuwa ina da maganin a bakina.

Bayan an kai ki Faransa an binne, Maryama ta roƙe ni in sanar da Malam Ilu, tunda ni ce mai Hausa. Na kira shi. Dattijo ne mai sanyin murya da son raha. Ya yi salati, sannan ya ce Ladi 'yar likita, mai ba shi littattafan hotuna ta kan katanga, a hannunki ya fara ganin baƙaƙen Faransanci. Ban tambaye shi komai ba, shi ya ɓalle da hira. Ya ce yana gidan kakarsa duk ranar kasuwa sai an kawo kwano a rufe ba a faɗi daga inda yake ba, kuma kowa ya sani. Ranar da ya ci jarrabawar makarantar malamai maƙwabta ne suka yi guɗa, Iya kuwa ta shige ɗaki ta ƙi fitowa. Da ciwon ajali ya kama ta yana zaune a gefenta da furfurarsa, sai ta juya ga ƙanwarsa ta tambaya ko yaron nan ya ci abinci. Yana ba ni labarin yana dariya. Bai taɓa shakkar uwarsa ba ko na rana ɗaya.

Ya yi maganarki ma. Ya ce Iya takan ce ke marainiya ce mai uwa, kuma har ta tsufa tana tuna ki. Kin ga ashe ta so ki da gaske, tsorona na banza ne. Da na faɗa miki gaskiya ba abin da za ki rasa sai laifin da ba ki yi ba. Da na ce masa kin rubuta littafi a kan mahaifiyarsa, murna ta kama shi. Ya ce in ya fito a aiko masa, zai tara jikokinsa ya karanta musu da bakinsa, su san wace ce kakar ubansu.

Ki duba, Gwaggo. Dattijo ya tara jikoki, ya buɗe littafin da aka buga a Faransa da sunan uwarsa a ciki, ya karanta musu cewa ta ba da shi don aikin Turawa kuma son sa ya mutu a zuciyarta. Shi ya san ƙarya ne, amma jikokin fa, da ba su ga zamanin ba? Da mutanen da za su karanta a ƙasashen da ba wanda zai gyara musu? Iya Kande ta yi shekaru tana haɗiye sunan ɗanta saboda kunya, a zo a rubuta wa duniya cewa ba ta son sa?

Na hau jirgi na je na sami Maryama a gidanta. Na gaya mata duka, har da madallar da na yi ta yi miki. Na tambaya ko za a iya gyarawa. Ta ce ba shafi ɗaya ba ne, ginshiƙin littafin ne, in an zare shi komai zai zube, kuma ke ba ki taɓa yarda a taɓa kalmar marubucin da ya mutu ba, ita ba za ta fara a kanki ba. Ta kawo shawarar in rubuta bayani a ƙarshe. Na ce Malam Ilu zai karanta littafin duka kafin ya kai ga bayanina, kuma mai karatu labari yake riƙewa, ba ya riƙe bayani. Sai ta yi mini tambayar da nake gudu. Ta ce lokacin da muka kai babin Ilu kina da sauran ƙarfi, kina iya sake rubutawa, kuma ba abin da kike so a duniya kamar a nuna miki inda kika kauce, me ya sa ban faɗa ba? Ba ta ɗaga murya ba, da ta ɗaga ma da ya fi mini sauƙi.

Ta ce sharaɗinki yana nan, ba za ta karya ba, in faɗi to ko a'a. Na ce a'a.

Don haka littafinki ba zai fita ba, Gwaggo. Yana cikin kwali a saman kabad ɗin Maryama. Ke da kika yi rayuwarki kina fitar da littattafan da aka rufe wa ƙofa, naki na ƙarshe ni na tsare shi. Abokin aikinki ya yi fushi, yana da gaskiya. Maryama tana amsa gaisuwata a taƙaice, ita ma tana da gaskiya. Ban yi nadamar a'ar ba, lokacinta nake nadama. Da na faɗe ta kina zaune da alƙalami a hannu, na san za ki zage ni da Faransanci, ki yi kwanaki ba ki kira ni ba, sannan ki zauna ki rubuta wanda ya fi wannan, a kan uwar da ke son ɗanta har ba ta iya kiran sunansa. Da kin kira Ilu kun yi dariya tare. Duk wannan na hana ki saboda ina ganin girmanki, kuma yanzu na gane ba girmamawa ba ce, raina ki na yi, na ɗauka ba za ki iya ɗaukar gaskiya ba.

Ina so in ce miki na koyi darasi, amma ba zan ƙara miki wata ƙaryar ba. Malam Ilu ya sake kira a makon nan, ya gaishe ni da kyau, ya ce jikokin sun dame shi da tambaya, yaushe littafin Iya zai iso. Dattijo ne, muryarsa cike da ɗoki. Na buɗe baki, sai na ji kaina ina ce masa ana nan ana shiri, in sha Allahu. Ya sa mini albarka.

Ki huta, Gwaggo Ladi. Ban san irin addu'ar da zan yi miki ba, na bar ki ga Allahn da Ya halicce ki, Ya fi ni sanin zuciyarki. Ba ki saci uwar kowa ba. In akwai yafiya a inda kike, ki yafe mini.

Ni ce 'yarki ta Withington,
Saude